Addu'ar Asuba da Ta Yi Hijira

Har gobe a Seoul mabiya cocin Firesbiteriya kan taru wajen ƙarfe biyar na asuba su yi addu'a kafin su wuce aiki. Al'adar daga Pyongyang ta samo asali, inda Kil Sun-ju ya yaɗa ta lokacin farkawar addini ta 1907, shekarar da aka naɗa shi fasto.

Da aka raba Koriya a 1945, gwamnatin kwaminis ta Arewa ta matsa wa coci-coci lamba. Kiristoci da dama suka tsere Kudu, musamman lokacin yaƙin 1950 zuwa 1953. Suka bar gidajensu da kaburburan iyayensu, amma suka tafi da addu'ar. Yanzu a Pyongyang coci kaɗan ne gwamnati ta bari a buɗe.