Ofisoshin Gwamnati a Duniyar Kwamfuta

A watan Mayun 2007 ƙasashe biyu suka yi rige-rigen buɗe ofishin jakadanci a Second Life, duniyar kwamfutar da kamfanin Linden Lab na San Francisco ya buɗe a 2003, inda mutum ke ƙera wa kansa siffa, ya sayi fili, ya yi ciniki. Tsibiran Maldives ne suka riga kowa. Bayan 'yan kwanaki Sweden ta biyo baya da gini mai kama da ofishinta na Washington, ministan harkokin wajenta Carl Bildt ne ma ya buɗe shi. Estoniya ta shigo a ƙarshen shekarar.

Gini kam ya yi kyau, sai dai ba a ba da biza, ba a sabunta fasfo. Baƙo ya kalli hotuna, ya karanta bayani, a nuna masa shafin intanet da zai je. To me ya kawo shi?

Hukumar da mazauna wurin suka sani ita ce Linden Lab, kuma da ita suke rigima. Tun a 2003, da harajin da kamfanin ya ɗora wa gine-gine ya ishe su, suka yi bore, suka baza akwatunan shayi don tuna wa Amurkawa boren Boston na 1773. Kamfanin ya janye harajin, ya koma karɓar kuɗin fili. A Agustan 2007 wani banki na cikin duniyar, Ginko Financial, ya durƙushe da ajiyar jama'a, wadda da dalar gaske aka saye ta, babu kotun da za a kai ƙara a ciki. Sai a Janairun 2008 kamfanin ya haramta bankunan da ba su da lasisin gwamnati, bayan ɓarna ta riga ta auku.

Da Facebook ya koma Meta a 2021, sha'awar duniyar kwamfuta ta dawo sabuwa. Tarayyar Turai ta kashe yuro 387,000 a kan wani dandali don jawo matasa su san shirinta na Global Gateway. A bikin da ta shirya a ƙarshen Nuwamban 2022, wakilin jaridar Devex ya tarar da mutanen da ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, daga baya ya rage shi kaɗai.

Birnin Seoul ya fi kowa ƙoƙari, a yaba masa. Metaverse Seoul, da aka buɗe a Janairun 2023, ya riƙa ba da takardun shaida, da shawara kan haraji, da hanyar kai koke. Amma mutumin Seoul ya daɗe yana samun waɗannan a wayarsa ko ta kiran lambar 120, ba tare da ya tuƙa ɗan mutum-mutumi zuwa kanta ba. Masu shiga suka yi ƙaranci, kuɗin kulawa bai tsaya ba, a Oktoban 2024 hukumar birnin ta rufe dandalin.