Yadda ake zaɓar sifirin ɗin ƙofar gareji

Ƙofar gareji mai ɗagawa sama, wadda Ba'amurke C.G. Johnson ya ƙirƙiro a 1921, tana da nauyin da sau da yawa ya haura kilo 60. Sifirin ne ke ɗauke wannan nauyi, shi ya sa mutum ɗaya ke iya ɗaga ta da hannu. Injin buɗe ƙofa, wanda Johnson ya fito da shi a 1926, aikinsa ja da turawa ne kawai. Saboda haka nauyin ƙofa da tsayinta su ne ma'aunin zaɓar sifirin.

Iri biyu ne aka fi sani. Na farko shi ne mai murɗawa, wanda ake zura wa sandar ƙarfe a saman ƙofa. Idan ƙofa ta sauka sai ya murɗe ya tara ƙarfi, idan za ta tashi ya warware ya ja igiyoyin ƙarfe da ke ɗaure a gindinta. Na biyu shi ne mai miƙewa, wanda ake sa wa a gefe biyu na ƙofa. Ya fi araha, amma wajibi ne a zura masa igiyar kariya ta cikinsa, domin idan ya tsinke babu ita, yakan yi tsalle ya ji wa mutum rauni ko ya fasa gilashin mota.

Wajen sayen mai murɗawa, abubuwa huɗu ake dubawa: kaurin wayarsa, faɗin cikinsa, tsawonsa, da ɓangaren da aka naɗe shi, dama ko hagu. Ana gane kaurin waya ta hanyar auna tsawon zagaye 20 a jere, a raba da 20. Mai miƙewa kuwa da nauyin ƙofa ake sayensa, kuma ƙungiyar masu ƙera ƙofofi ta Amurka, DASMA, ta ware masa launuka: fari na ƙofa mai laba 110, kore na 120, ja na 150.

Ana lissafa rayuwar sifirin da yawan buɗewa da rufewa. Na gama-gari an yi shi ne don sau 10,000. Gidan da ke buɗe ƙofa sau huɗu a rana zai cinye wannan adadi cikin kusan shekara bakwai. Akwai masu ɗaukar sau 20,000 ko fiye, waɗanda suka fi dacewa da wurin da shige da fice ya yawaita.

Gwajin dacewa ba shi da wuya. A cire haɗin injin, a ɗaga ƙofa zuwa rabi, a sake ta a hankali. Idan ta tsaya cak, sifirin ya dace. Idan ta zame ƙasa, ƙarfinsa ya gaza, kuma injin ne zai riƙa wahala har ya lalace. Idan ta yi sama da kanta, ƙarfin ya yi yawa.

Inda ƙofa ke da sifirin biyu, idan ɗaya ya karye, ana sauya duka biyun, tunda tare suka tsufa. Ɗaure mai murɗawa kuwa aikin ƙwararre ne mai sandunan da aka yi musamman don haka. Waɗanda suka gwada da sukudireba sun sha karya yatsu da hannu.