Kuturta da Asibitin Danja a Ƙasar Nijar

Tun zamanin kakanni, a Maraɗi da Katsina magana ɗaya ake yi game da kuturta. Waɗansu su ce gado ce, waɗansu su ce sammu ne ko aikin iskoki, har ma a cikin bori akwai iska mai suna Kuturu. To, wanda ya gaskata cewa ciwonsa a jini yake, me zai kai shi neman magani? Sai ya rufe tabon da riga domin kada a fasa auren 'yarsa. In abin ya bayyana, ya shiga bara a ƙarƙashin Sarkin Kutare.

A shekara ta 1873 wani likitan ƙasar Norwe, Hansen, ya gano ƙwayar cutar, amma labarin bai iso ƙauyukanmu da wuri ba. A 1956 mishan ta SIM ta buɗe asibitin kutare a Danja, kudu da Maraɗi. Akwai maganin dapsone a lokacin, sai dai shekara da shekaru ake shansa, mutane da yawa kuwa sukan zo a makare.

Wannan makara ita ce babbar ɓarna. Likita Paul Brand, da ya yi aiki a Indiya, ya nuna cewa ba cutar ce take cin yatsu ba. Jijiyoyi take kashewa, mutum ya daina jin zafi. Mace ta sauke tukunya ta ƙone ba ta sani ba, manomi ya taka ƙaya ya wuni a kanta, miki ya ruɓe. Wanda ya koyi duba tafin ƙafarsa kowace yamma, yana sa takalmi, yakan tsira da yatsunsa. Wanda ya ɗauka la'ana ce yakan sallama.

Mu masu bi ma ba mu kuɓuta ba. Waɗansu sun karanta Littafin Firistoci sura 13 suka ware wa kutare benci a bayan majami'a, alhali a Markus sura 1 Yesu hannu ya miƙa ya taɓa kuturu.

A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna, daga 1995 kuma kyauta ake ba da su. Yanzu wata 6 zuwa 12 ake sha, da zarar an fara kuwa mutum ba ya yaɗa cutar. Duk da haka akan sami wanda ya warke sarai, amma a kasuwa ba a sayen furar matarsa.