Ciwon Hanta: Yadda Aka Koyi Lissafin Kwanakin Shan Magani

Jama'ar Wurno da Rabah da Goronyo, ku saurara. Neman magani da ilmi ba baƙon abu ba ne a ƙasarku. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837, ya rubuta littattafai a kan magani. Yau za mu ba ku tarihin ciwon hanta, wanda yakan zo da shawara.

A 1965 wani likita a Amurka, Baruch Blumberg, ya gano alamar ƙwayar cutar da ake kira B a cikin jini. A 1989 aka gano 'yar'uwarta, C. A da, maganin C allura ce, har mako 48, ga wahala, kuma ba kowa ke warkewa ba.

A 1998 wasu masana, cikinsu da Alan Perelson, suka riƙa ɗibar jinin marasa lafiya suna lissafi. Suka tarar jiki ɗaya yana ƙyanƙyashe ƙwayoyin C wajen miliyan sau miliyan kullum, rabin na cikin jini kuwa yana gushewa kafin awa 3. To, ka san mai rumbu: in ya san abin da ke ciki da mudun da ake ɗiba kullum, ya san ranar da hatsi zai ƙare. Haka likita ke auna raguwar cuta, ya ƙiyasta ranar ƙarewarta.

Daga 2013 aka sami ƙwayoyin haɗiya masu warkar da fiye da 90 cikin 100, galibi a mako 12. A 2020 likitoci a Isra'ila suka ba da labarin gwajin da suka yi da wannan lissafi, suka rage wa waɗansu kwanaki, kusan duka suka warke.

Amma fa ka lura. Awon jini ne ya yanke wannan, ba jin sauƙi ba. In ka bar magani don idonka ya washe, sauran ƙwayoyin sai su sake yaɗuwa, kuɗinka ya tafi a banza. Ita kuwa B, wadda binciken 2018 ya samu a jikin wajen mutum 8 cikin 100 na manya a Nijeriya, maganinta na shekaru ne.

Saboda haka ka nemi a auna jininka. Kada wanzami ya taɓa ka da askar da ya yi wa wani aiki. Jariri kuma a yi masa rigakafin B ranar haihuwa. Allah ya ba mu lafiya, amin.