Asalin Kalma: Me Ya Kawo Waya Gidan Wasiƙa?

Kalmar waya ta shigo Hausa daga Turanci, kuma asalinta siririn ƙarfe ne da ake miƙawa bisa turaku. To, me ya sa ake kiran wurin aika wasiƙa gidan waya? A tashar jiragen ruwa ta Ikko, tun 1852 jiragen kamfanin Macgregor Laird masu tafiya da tururi suka fara kawo buhunan wasiƙu daga Ingila, kuma sai a 1886 wayar tangaraho ta ƙarƙashin teku ta iso garin. Ashe wasiƙa ta girmi waya a wannan aiki da shekaru fiye da 30.

Wani zai ce ai gidan wasiƙa ya kamata a ce, tunda ita ce babban aikin gidan. A ganina Bahaushe bai yi kuskure ba. Wasiƙa ba baƙuwarsa ba ce: daga Larabci ya aro sunanta, kuma manzannin sarakuna sun daɗe suna kai ta bisa doki tsakanin Sakkwato da Kano. Abin da bai taɓa gani ba shi ne akawu zaune yana ƙwanƙwasa ɗan ƙarfe, saƙo ya isa Lokoja kafin la'asar, don haka da shi ya raɗa wa gidan suna. Daga wannan ƙwanƙwasa aka samu "buga waya". Yau mai wayar salula yana cewa ya buga waya alhali ba ƙarfe ba turke, amma kowa ya gane nufinsa, kuma Hausarsa daidai ce.