Cin Abinci a Nguru da Gashuwa ga Wanda Nono Ba Ya Karɓarsa

'Yan uwa mazauna Agege, Sabon Ibadan da Shagamu masu zuwa gida ko sarin shanu, idan nono ko madara na kumbura muku ciki ko sa ku gudawa, ga abin da na sani, ni da na tashi gidan fataucin shanu.

Nono da kindirmo a fili suke. Man shanu ne ke shigowa a ɓoye, domin mai tuwo kan ɗiga shi a miyar kuka ba tambaya. Tun kafin ta zuba ka ce, "Hajiya, ban da man shanu." Wajen mai shayi ka ce baƙi kake so. Masa da kunun aya sai ka tambaya, don wasu na sa nono ko madara.

A Gashuwa, bakin kogin Yobe, nemi farfesun kifi ko shinkafa da wake da manja. A Nguru, inda layin dogon Kano ya tiƙe, ga tsire, kilishi da ƙosai. Fura kuwa, a dama maka da ruwan tsamiya.

Awara ma ci abarka, waken suya ce. Warar Yarbawa ita ce ta nonon shanu, kada sunan ya ruɗe ka.