Titi da Akwatin Zaɓe: Tasirin Tea Party da Occupy Wall Street a Takarar Shugabancin Amurka ta 2012

Tsakure

Durƙushewar tattalin arzikin Amurka a shekarar 2008 ta haifar da manyan gangami biyu: Tea Party daga ɓangaren masu ra'ayin riƙau, da Occupy Wall Street daga ɓangaren masu neman sauyi. Wannan maƙala ta kwatanta dabarun da kowannensu ya bi, ta kuma bibiyi yadda suka shafi muhawarar masu neman shugabancin ƙasa a 2012. An dogara ga alƙaluman hukuma, da sakamakon zaɓe, da ƙuri'un jin ra'ayin jama'a, da ayyukan masana da aka wallafa. Binciken ya gano cewa Tea Party ta ci kujeru ta kuma ɗaure 'yan takarar jam'iyyarta da alkawura, Occupy kuwa ta sauya abin da ake muhawara a kai amma ba ta bar tsarin da zai mayar da kukanta doka ba. Halin tattalin arziki ya fi su duka nauyi wajen fitar da wanda ya ci zaɓen.

1.0 Gabatarwa

Ranar 15 ga Satumba, 2008, bankin Lehman Brothers ya karye. Kafin mako uku su cika, Shugaba George W. Bush ya sa hannu a kan dokar ceto bankuna da dala biliyan 700. Barack Obama ya hau mulki, a watan Fabrairun 2009 ya sa hannu a kan wani shirin farfaɗo da tattalin arziki na dala biliyan 787. Duk da haka guraben aiki fiye da miliyan 8 suka salwanta, rashin aikin yi ya kai kashi 10 cikin 100 a Oktoban 2009, miliyoyin iyalai kuma suka rasa gidajen da suka saya bisa jingina.

Fushin da ya biyo baya tushensa guda ne: an ceci bankuna da kuɗin jama'a, an bar jama'a da wahalarsu. Inda aka rabu shi ne wajen nuna mai laifi. Wasu suka ce gwamnati ce mai almubazzaranci, wasu suka ce attajiran da suka saye gwamnatin ne. Tambayar da wannan maƙala ta sa gaba ita ce: tun da ciwon ɗaya ne, me bambancin dabara ya janyo wa kowane ɓangare, kuma har ina tasirinsa ya kai a takarar shugaban ƙasa?

2.0 Waiwaye kan Ayyukan Magabata

William Gamson a 1975 ya raba nasarar gangami gida biyu: a amince da shi a matsayin mai magana da yawun jama'arsa, ko kuma ya samo musu wata moriya a zahiri. Frances Fox Piven da Richard Cloward a 1977 sun yi iƙirarin cewa talakawa sun fi samun biyan buƙata lokacin da suka tsayar da harkoki cak, kuma kafa ƙungiya mai ofis da muƙamai yakan sanyaya gwiwar gwagwarmaya. Omar Wasow a 2020 ya nazarci zanga-zangar baƙar fata ta shekarun 1960, ya nuna cewa ta lumana ta ƙara wa jam'iyyar Democrat ƙuri'u a yankunan da ke kusa, wadda ta rikiɗe ta zama tarzoma kuwa ta tura fararen masu zaɓe wajen ɗan takarar Republican Richard Nixon a 1968. Da ma'aunin Gamson za a auna gangamin biyu a nan, za kuma a ga cewa abin da ya faru bai goyi bayan Piven da Cloward ba.

3.0 Tea Party: Hanyar Zaɓen Fidda Gwani

Ranar 19 ga Fabrairu, 2009, Rick Santelli, wakilin tashar CNBC, ya tsaya a kasuwar hada-hada ta Shikago yana caccakar shirin Obama na taimaka wa waɗanda suka kasa biyan jinginar gidajensu. Kiran da ya yi na a fito taron Tea Party ya samu karɓuwa, ranar 15 ga Afrilu, ranar ƙarshe ta cike takardun haraji, aka yi taruka a ɗaruruwan garuruwa.

Theda Skocpol da Vanessa Williamson, waɗanda suka zauna da 'yan gangamin suka yi hira da su, sun nuna a 2012 cewa ƙafafu uku ya tsaya a kai: ƙananan ƙungiyoyin gari-gari kimanin 1,000, da ƙungiyoyi masu kuɗi irin su FreedomWorks da Americans for Prosperity, da kafafen yaɗa labarai, musamman Fox News. Sun kuma gano wani abu mai muhimmanci: yawancin mambobin, waɗanda farare ne masu shekaru, ba su ƙi fanshon gwamnati da inshorar lafiyar tsofaffi da su kansu ke amfana da su ba. Abin da suka ƙi shi ne a kashe kuɗi a kan waɗanda suke ganin ba su cancanta ba, wato baƙin haure da matasa da marasa aiki.

Dabararsu ita ce su kutsa cikin jam'iyyar Republican ta ƙofar zaɓen fidda gwani, inda masu jefa ƙuri'a ba su da yawa, kuma 'yan tsiraru masu himma kan iya kayar da babban mutum. A 2010 Sanata Bob Bennett na jihar Utah ya rasa tikitin jam'iyyarsa, Mike Lee ya gaje shi. Rand Paul ya yi nasara a Kentucky, Marco Rubio a Florida. A zaɓen rabin wa'adi na shekarar jam'iyyar ta ƙara kujeru 63 a Majalisar Wakilai da 6 a ta Dattawa. Ko tarukan ne suka kawo wannan, ko kuwa dama can ƙasar ta juya wa Obama baya? Andreas Madestam da abokan aikinsa sun amsa wannan tambaya a 2013 ta wata hanya mai hikima. Sun kwatanta garuruwan da aka yi ruwan sama ranar 15 ga Afrilun 2009 da waɗanda ba a yi ba. Ruwa ba ruwansa da siyasa, amma yana rage taro. Inda gari ya yi wasai taro ya cika, ƙungiyoyin suka fi ƙarfi daga baya, ƙuri'un Republican kuma suka ƙaru a 2010.

Dabarar tana da tsadarta. Christine O'Donnell a Delaware da Sharron Angle a Nevada sun ci fidda gwani suka faɗi babban zaɓe, a kujerun da jam'iyyar ke da damar ɗauka. Taurin kan sababbin 'yan majalisar a kan ƙayyade bashin ƙasa ya kai Amurka gaɓar kasa biyan bashi, har kamfanin Standard & Poor's ya rage darajarta ta cin bashi ranar 5 ga Agusta, 2011, abin da bai taɓa faruwa ba.

4.0 Occupy Wall Street: Hanyar Zaman Dirshan

Mujallar Adbusters ta ƙasar Kanada ce ta yi kiran, ranar 17 ga Satumba, 2011 kuma aka kafa sansani a dandalin Zuccotti da ke kusa da cibiyar hada-hadar kuɗi ta Niyok. Dandalin mallakar wani kamfani ne amma doka ta wajabta a bar shi buɗe dare da rana, shi ya sa 'yan sanda ba su iya korar su nan take ba. Da yake amfani da lasifika yana buƙatar izini, sai mai magana ya faɗi jimla, na kusa da shi su maimaita da ƙarfi har ta isa ga na nesa. Ba shugaba, ba kakaki, kowace shawara sai babban taro ya amince. Da gangan kuma suka ƙi fitar da jerin buƙatu, domin a ganinsu miƙa buƙata ga hukuma amincewa ce da halascinta.

Takensu shi ne cewa su ne kashi 99 cikin 100 na al'umma. Alƙaluman hukuma sun mara musu baya: a Oktoban 2011 ofishin kasafin kuɗi na majalisar dokoki ya bayyana cewa tsakanin 1979 da 2007 kuɗin shigar kashi 1 na sama, bayan an cire haraji, ya ƙaru da kashi 275 cikin 100, na kashi 20 na ƙasa kuwa da kashi 18 kacal.

Kafafen labarai ba su kula su sosai ba sai da 'yan sanda suka sa hannu. Kama mutane fiye da 700 a kan gadar Brooklyn ranar 1 ga Oktoba, da fesa wa ɗalibai da ke zaune barkonon tsohuwa a jami'ar Kalifoniya da ke Davis ranar 18 ga Nuwamba, sun jawo musu tausayi. Wannan ya dace da abin da Wasow ya gano. Sai dai a Oakland, inda aka rufe tashar jiragen ruwa ranar 2 ga Nuwamba, wasu masu baƙaƙen kaya da rufe fuska sun farfasa gilasan bankuna da shaguna, hoton ya juye. Muhawara mai zafi ta ɓarke a cikin gida: marubuci Chris Hedges ya zargi waɗannan matasa da kashe gangamin, masanin ɗan'adam David Graeber ya mayar masa da martani cewa irin wannan zargi yana ba 'yan sanda hujjar dukan kowa. Tsarin da ba shi da shugaba ba shi da hanyar yanke wannan gardama, ba a kuwa yanke ta ba. Ranar 15 ga Nuwamba Magajin Gari Michael Bloomberg ya sa aka tashi sansanin Zuccotti, sauran biranen ma suka bi sahu. Da dandalin ya tafi, babu wani abin da ya rage da zai riƙe jama'ar wuri guda.

Yana da kyau a kwatanta da zanga-zangar da ta ari sunan a Nijeriya a Janairun 2012. Can buƙatar guda ce, a mayar da tallafin mai, kuma ƙungiyoyin ƙwadago suka shiga yajin aiki. Farashin lita da ya tashi daga naira 65 zuwa kimanin 141 ya sauko zuwa 97 cikin makonni biyu.

5.0 Yadda Muhawarar 'Yan Takara ta Kasance

Masu goyon bayan Tea Party ba su so Mitt Romney ba, musamman saboda dokar inshorar lafiya da ya kafa a 2006 yana gwamnan Massachusetts, wadda ta yi kama da ta Obama. Suka yi ta sauya gwani: Michele Bachmann, Rick Perry, Herman Cain, Newt Gingrich, Rick Santorum. Kowane ya yi tashe na ɗan lokaci ya faɗi, ƙuri'unsu suka rarrabu, Romney ya wuce. Amma sun riga sun shata masa iyaka. A muhawarar da aka yi a jihar Iowa cikin Agustan 2011, an tambayi 'yan takara takwas ko za su ƙi yarjejeniyar da za ta rage kashe kuɗi dala 10 a kan kowace dala 1 ta ƙarin haraji. Dukansu suka ɗaga hannu, har da Romney. Daga baya ya ɗauki Paul Ryan, jagoran masu son tsuke kasafin kuɗi, a matsayin mataimaki.

Tasirin Occupy ya bi wata hanya dabam. Da farko 'yan takarar Republican raini suka yi: Cain ya ce wanda ba shi da aiki kuma ba shi da kuɗi ya zargi kansa, Gingrich ya ce su je su yi wanka su nemi aiki. Amma a Janairun 2012 Gingrich ɗin da Perry su ne suka fara kai wa Romney hari a kan kamfaninsa na Bain Capital, suna zarginsa da sayen masana'antu yana sallamar ma'aikata. A watan ne cibiyar bincike ta Pew ta ruwaito cewa kashi 66 cikin 100 na Amurkawa suna ganin akwai saɓani mai ƙarfi tsakanin masu kuɗi da talakawa, daga kashi 47 a 2009. Obama, wanda ya shafe tsakiyar 2011 yana tattauna rage giɓin kasafi, ya je garin Osawatomie a jihar Kansas ranar 6 ga Disamba, 2011 ya mayar da rashin daidaito jigon yaƙin neman zaɓensa. Ranar 17 ga Satumba, 2012, mujallar Mother Jones ta fitar da bidiyon da Romney ke gaya wa attajirai cewa kashi 47 cikin 100 na masu zaɓe sun dogara ne ga gwamnati. Maganar ta yi masa ciwo domin shekara guda ke nan ana shirya kunnen jama'a ga irinta.

6.0 Tattaunawa

Obama ya ci da ƙuri'un wakilan jihohi 332, Romney 206, da kimanin kashi 51 da 47 na ƙuri'un jama'a. Kuskure ne a jingina wannan ga titi. John Sides da Lynn Vavreck sun nuna a 2013 cewa ɗan ci gaban da tattalin arziki ke samu ya isa ya ba shugaba mai ci rinjaye, kuma ɓarin baki irin na kashi 47 tasirinsa bai daɗe ba. Rashin aikin yi ya sauko ƙasa da kashi 8 kafin zaɓe. Masu zaɓe sun fi duba inda aka dosa fiye da inda ake, kuma tambayoyin da aka yi musu a bakin rumfuna sun nuna cewa waɗanda suka ɗora laifin matsin a kan Bush sun fi waɗanda suka ɗora wa Obama yawa.

Inda bambancin dabara ya fito fili shi ne bayan zaɓe. 'Yan Tea Party suna cikin majalisa da ƙuri'a a hannu: sun rufe ayyukan gwamnati kwana 16 a Oktoban 2013, sun kayar da Eric Cantor, jigon Republican a Majalisar Wakilai, a fidda gwani na 2014, sun matsa wa Kakaki John Boehner har ya sauka a 2015. Ƙin baƙin haure da Skocpol da Williamson suka hango shi Donald Trump ya hau a 2016. Occupy kuwa sai da wasu suka ɗauki kalmominta suka kai inda ta ƙi zuwa: ma'aikatan gidajen abinci na Niyok da suka fara neman dala 15 a awa a Nuwamban 2012 da taimakon ƙungiyar ƙwadago, da Bernie Sanders da ya samu ƙuri'u kimanin miliyan 13 a fidda gwanin Democrat na 2016. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma shekara biyar ɗin da ba a yi ana gina tsari a mazaɓu ba sun bayyana a sakamakon Sanders.

A ra'ayin wannan maƙala, Occupy ta fi gano ainihin ciwon, alƙaluman hukuma ma sun tabbatar da haka, amma ƙin fitar da buƙata da ƙin shiga zaɓe sun cuci mutanen da ta tashi domin su. An ɗaga harajin masu manyan kuɗin shiga zuwa kashi 39.6 a 2013, jihohin Kalifoniya da Niyok kuma sun amince da mafi ƙarancin albashi na dala 15 a awa a 2016. Sai dai a 2017 majalisar da Republican ke riƙe da ita ta rage harajin kamfanoni daga kashi 35 zuwa 21, mafi ƙarancin albashi na tarayya kuwa yana nan a dala 7.25 a awa, inda yake tun Yulin 2009.